In Ɓera da Sata, Bar Zancen Warin Daddawa: Tikitin Bogi da Shirun da Ke Ciyar da Shi

A watan Disambar da ya wuce, wata abokiyar karatuna a jami'a, wadda yanzu take aikin haɗa magunguna a Kaduna, ta yi kusan sa'a biyu a layi a ƙofar wani bikin waƙe-waƙe a Legas, ita da ƙanwarta. Da layi ya zo kanta ta miƙa wayarta, mai tsaron ƙofa ya ɗora na'urarsa a kan lambar QR ɗin tikitin, na'urar ta nuna ja. Ya sake gwadawa, ta sake nuna ja. Sai ya gaya mata cewa tun da la'asar aka shiga da wannan tikiti. Ta kira lambar wanda ya sayar mata, ta ji ta a kashe. Ta duba shafinsa, ta tarar ya toshe ta. Kuɗin ya kusa rabin albashinta na wata, ban da na jirgi da na masauki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Ba ta je banki ba, ba ta je wurin 'yan sanda ba, ba ta faɗa wa kowa a gida ba. Ni ma sai bayan watanni ta gaya mini, bisa sharaɗin kada sunanta ya fito. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce: "Da wane bakin zan ce an damfare ni a wajen kallon mawaƙa?" Ta riga ta san amsar da ke jiranta. Wani zai ce wa ya aike ta. Wani zai ce Allah ya ƙara. Mai sassauci a cikinsu zai ja tsaki ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Da wannan karin magana nake rigima a yau. A ganina, a wannan batu ya zama mayafin da ɓarayi suke luluɓa da shi, kuma ya zama uzurin da masu shirya bukukuwa da kamfanonin sada zumunta da bankuna suke fakewa da shi don kauce wa nauyin da ke kansu. Zan faɗi yadda mai saye zai kare kansa, domin rigakafi ya fi magani. Amma duk wanda ya tsaya a nan ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Yadda ake ɗana tarkon

Tikitin zamani lamba ce kawai da aka adana a rumbun bayanan mai shirya biki, aka zana ta a siffar QR. Na'urar ƙofa ba ta san fuskar kowa ba. Tambayarta ɗaya ce: wannan lamba tana cikin rumbu, kuma ba a yi amfani da ita ba tukuna? Daga nan mafi sauƙin damfarar ta samo asali. Mutum ya sayi tikiti ɗaya na gaskiya, ya ɗauki hotonsa, ya sayar wa mutum ashirin. Duk ashirin ɗin suna riƙe da abin da ba a iya bambanta shi da na gaskiya da ido, domin na gaskiyar ne. Wanda ya riga isa ƙofa ya shiga, sauran goma sha tara su koma gida. Wannan ne ya sami abokiyata.

Hanya ta biyu ita ce shafin kwaikwayo. Ana kwafo shafin mai sayar da tikiti na ainihi, da launinsa da tambarinsa, a sauya harafi ɗaya ko biyu a adireshin, sannan a biya kuɗin talla don ya bayyana a saman sakamakon bincike. Mai saye ya shigar da lambar katinsa da lambar sirrin da banki ya turo masa, ya rasa kuɗin tikiti, ya kuma miƙa mabuɗin asusunsa. Alamar kwaɗo da ake gani a gefen adireshi ba ta tabbatar da amanar mai shafi. Tana nuna cewa an rufe hanyar da ke tsakaninka da shi ne kawai, kuma ɓarawo ma yana iya samun ta a kyauta.

Ta uku ta fi muni, domin da amana take aiki. Ana sace shafin Facebook ko WhatsApp na wani mutumin kirki, a rubuta da sunansa cewa uzuri ya taso masa, yana da tikiti biyu da zai sayar a farashin da ya saya. Abokansa suna ganin hotonsa da sunansa, ba su da dalilin zargi. Mutumin da ya tura kuɗi a nan bai yi kwaɗayi ba, bai nemi araha ba. Ya yarda da aboki ne.

Akwai kuma zagaye na biyu. Bayan an cuci mutum, sai wani ya tuntuɓe shi da sunan jami'in banki ko wakilin masu biki, ya ce za a mayar masa da kuɗinsa idan ya biya wani ɗan abu ko ya karanto lambar da za ta shigo wayarsa. Sau da yawa hannun da ya yi satar farko shi ne yake dawowa.

A dukkan waɗannan hanyoyi akwai sinadari guda: gaggawa. "Saura biyu." "Wani yana jira, in ba ka tura yanzu ba zan ba shi." Ɗan damfara ya san sauri kan haifi nawa, shi ya sa ba ya barin mutum ya kwana da shawara.

Darasin Fyre

Masu cewa wawaye kaɗai ake damfara su duba abin da ya faru a watan Afrilun 2017 a tsibirin Great Exuma na ƙasar Bahamas. Wani matashin ɗan kasuwa Ba'amurke, Billy McFarland, ya tallata bikin da ya kira Fyre a matsayin shagalin alfarma na masu hannu da shuni. Fitattun masu tallan kayan ƙawa suka cika Instagram da hoton murabba'i mai ruwan lemo, mutane suka zuba dubban daloli. Da suka sauka, suka tarar da tantunan agajin gaggawa, da jiƙaƙƙun katifu, da burodi da cuku a mazubin roba. Ba a yi bikin ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne abin da McFarland ya yi bayan an kama shi. Yana kan beli, yana jiran hukunci, ya buɗe wata harka mai suna NYC VIP Access, ya riƙa sayar da tikitin bogi na manyan taruka irin su Coachella da Met Gala da bikin ba da kyautar Grammy, ya tara sama da dala 100,000. A watan Oktoban 2018 kotun tarayya a New York ta yanke masa ɗaurin shekara shida, ta kuma umarce shi ya sallama dala miliyan 26.

Waɗanda ya cuta sun haɗa da masu zuba jari da suka san lissafi, da 'yan boko masu lauyoyi. Ilimi bai tsare su ba, domin an gina yaudarar ne a kan abubuwan da mai hankali yake dogara da su: sanannun fuskoki, tsararren shafi, da ganin cewa kowa yana saye. Kuma abin da ya kai McFarland kurkuku shi ne waɗanda aka cuta sun yi magana, sun wallafa hotuna, sun shigar da ƙara. Da sun yi shiru don kunya, da ya shirya na biyu a shekarar da ta biyo.

Wa ya bar bangon ya tsage?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wannan harka bango uku ne, kuma kowanne yana da mai shi.

Na farko, masu shirya biki. Sun daɗe da sanin maganin tikitin da ake kwafa. Tun 2007 bikin Glastonbury na Ingila ya wajabta wa duk mai son tikiti ya yi rajista da hotonsa, a buga hoton a jikin tikitin, kuma ba a mayar da shi ga wani. Wanda ya fasa zuwa sai ya mayar wa masu bikin, su sake sayarwa da kansu. Kamfanin Ticketmaster yana da tsarin da ya kira SafeTix, inda lambar tikiti take sauyawa bayan 'yan daƙiƙoƙi a cikin manhaja, ta yadda hotonta ba ya da amfani. Mai shirya bikin da yake karɓar dubban nairori a kan kowane kai, amma har yau yana tura tikiti a matsayin hoton da kowa zai iya turawa gaba, ya zaɓi ya rage wa kansa kashe kuɗi ne ya ɗora hatsarin a kan masu saye. Haka wanda yake raba tikiti ga dillalai barkatai ba tare da ya wallafa sunayen waɗanda ya amince da su ba. Idan na gaskiya ma ta WhatsApp yake sayarwa, a tura kuɗi asusun wani mutum, ta yaya mai saye zai gane na bogi?

Manyan kamfanonin ma ba su fita ba. Ƙarancin tikiti shi ne takin da damfara take tsirowa a kai, kuma wani ƙarancin ƙirƙirarsa ake yi. Masu sari suna amfani da manhajojin da ke saye da sauri fiye da ɗan Adam, su kwashe tikiti cikin mintuna, su tura masoya kasuwar bayan fage. Amurka ta haramta wannan da dokar BOTS a 2016, amma sai a 2021 hukumar kare masu sayayya ta ƙasar ta kawo ƙararta ta farko a ƙarƙashin dokar. A watan Nuwamban 2022 shafin Ticketmaster ya durƙushe lokacin sayar da tikitin Taylor Swift, har aka soke sayarwa ga jama'a, lamarin da ya kai ga zaman jin bahasi a Majalisar Dattawa a Janairun 2023. A 2020 wata kotun Ostareliya ta ci tarar kamfanin sake sayar da tikiti na Viagogo dalar ƙasar miliyan 7 saboda ruɗar masu saye, ciki har da nuna kansa a talla tamkar shi ne mai sayarwa na hukuma. Ireland kuwa a 2021 ta haramta sake sayar da tikitin wasu ayyanannun taruka sama da farashinsa na asali. Duk waɗannan ƙasashe sun gane cewa gyaran kasuwa aikin hukuma ne.

Na biyu, kamfanonin sada zumunta. A watan Afrilun 2024 bankin Lloyds na Birtaniya ya bayyana cewa abokan hulɗarsa sama da 600 sun kawo rahoton an damfare su a kan tikitin Taylor Swift, kowanne ya yi asarar fam 332 a matsakaici, ya kuma ƙiyasta cewa asarar ƙasar baki ɗaya ta haura fam miliyan ɗaya. Bankin ya ce sama da kashi 90 cikin ɗari na waɗannan damfarori sun faro ne daga Facebook. Kamfanin da zai iya gane cewa jiya ka duba takalmi, ya bi ka da tallan takalmi har mako guda, ba zai gamsar da ni cewa ya kasa gane sabon shafin da aka buɗe shekaranjiya yana tallan tikiti ɗari ba. Kuɗin tallan ɓarawo da na mai gaskiya aljihu ɗaya suke shiga, kuma muddin babu tarar da ta fi ribar, ba abin da zai sauya.

Na uku, bankuna. A Najeriya taransfa tana isa nan take, abin alfahari ne. Amma saurin nan shi ne abokin ɓarawo: kafin mutum ya farga, an rarraba kuɗin zuwa wasu asusu ko an cire su a wurin mai POS. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, asusun wa kuɗin ya shiga? Tun 2014 muke da BVN, kuma a ƙarshen 2023 Babban Bankin Najeriya ya wajabta haɗa ko da ƙananan asusu da BVN ko NIN. Ke nan kowane asusun da ya karɓi kuɗin sata yana da suna a bayansa, kuma akwai cibiyar kuɗin da ta buɗe shi, ta ga kuɗi iri ɗaya suna shigowa daga baƙi arba'in a yini guda suna fita nan take. A Birtaniya, daga 7 ga Oktoban 2024, doka ta tilasta wa bankuna su mayar wa wanda aka yaudara ya tura kuɗi da hannunsa, har zuwa fam 85,000, kuma bankin da ya tura da wanda ya karɓa su raba nauyin biyu. Hikimar a fili take: ranar da asusun ɓarawo ya fara jawo wa banki asara, ranar banki zai fara duba wanda yake buɗe wa asusu.

Ga masu cewa laifin mai saye ne

Za a ce mini ai kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma araha ba ta ado. Gaskiya ne, akwai wanda ya ga tikiti a rabin farashi ya rufe ido. Amma ƙwararren ɗan damfara ya daina sa farashi mai arha, domin ya san an waye. Farashin asali yake sawa, ko ya ɗan ɗara. Sannan ko da mutum ya yi sakaci, sakaci ba ya mayar da sata halal. Wanda ya manta bai kulle shagonsa ba muna yi masa faɗa, amma ba ma sakin wanda ya kwashe kayan.

Za a kuma ce, wasu a fili wasu a zuci, ai wurin da za ta je ɗin ma bai dace ba. Wannan muhawara ce tsohuwa a cikinmu, kowa yana da matsayinsa, kuma ba ita na zo warwarewa ba. Abin da na sani shi ne babu tarbiyyar da muka taso a cikinta da ta halatta dukiyar mutum saboda ba a son inda zai kashe ta. Kuma mai murna da asarar 'yar kallon waƙa ya tuna cewa ɓarawo ba ya da sashen da ya ƙware a kai don ra'ayi. Asusun da ya karɓi kuɗin tikitin bogi a Disamba, babu abin da zai hana shi karɓar kuɗin kujerar Umra ta bogi a Ramadan, ko na takardar ɗaukar aiki ta ƙarya a watan da ya biyo. Duk rahoton da kunya ta hana a kai, ƙarin wa'adi ne aka ba wannan asusu. Dariyar da muka yi wa ta farko ita ta share hanyar cutar na biyu.

Kafin ka tura kuɗi

Tunda gyaran bango zai ɗauki lokaci, ga abin da ke hannun mai saye.

Fara daga mai biki. Je shafinsa na ainihi ko na mawaƙin, ka ga wane kamfani suka ce yana sayar musu da tikiti, ka bi ta nan. Rubuta adireshin da hannunka. Kada ka bi mahaɗin da aka turo maka ko wanda ke ɗauke da alamar talla a saman sakamakon bincike.

Biya da kati a shafin da aka amince da shi, kada ka yi taransfa zuwa asusun wani mutum. Katunan Visa da Mastercard suna da tsarin ƙalubalantar ciniki idan ba a ba ka abin da ka saya ba. Ba kullum ake nasara ba, amma akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ga mazauna Birtaniya, sashe na 75 na dokar bashin masu sayayya ta 1974 ya ɗora wa kamfanin katin bashi alhaki tare da mai sayarwa a kan cinikin da ya haura fam 100 zuwa fam 30,000. Taransfa kuwa kamar miƙa tsabar kuɗi ce ga baƙo a tasha.

Kada ka karɓi hoton tikiti a matsayin tikiti. Idan dole ka saya a hannun wani, ya mayar maka da shi ta cikin manhajar kamfanin, ta yadda zai fita daga sunansa ya koma naka. In ya ce ba zai yiwu ba, ciniki ya ƙare. Haka hoton rasit ko na imel ɗin tabbatarwa: mintuna kaɗan ake ƙera su.

Idan aboki ne yake sayarwa a shafinsa, kira shi a lambar da ka sani, ka ji muryarsa. Idan sunan asusun da aka ba ka ya saɓa da sunan mai sayarwa, kada ka saurari bayanin cewa na matarsa ne ko na ƙaninsa.

Bincika bikin kansa. Wurin da aka ce za a yi ya san da maganar? Mawaƙan da aka jera sun tallata shi a shafukansu? Biki na gaskiya ma yana iya rushewa: a 2023 an soke Afro Nation da aka shirya yi a Legas a watan Disamba, masu shiryawa suka sanar da mayar da kuɗi. Wanda ya saya a hannun masu bikin yana da wurin da zai bi haƙƙinsa. Wanda ya saya a bayan fage sai dai ya bi iska.

Kada ka wallafa hoton tikitinka kafin ranar. Lambar da ka nuna wa duniya don murna, wani zai riga ka shiga da ita.

In kuma abin ya riga ya faru, sa'o'in farko su ne komai. Kira bankinka nan take, ka ba da lambar cinikin, ka nemi a tuntuɓi bankin da ya karɓa a sa wa asusun takunkumi. Adana duk saƙonni da lambobin waya kafin a goge. Kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. Dokar damfara ta 2006 da dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, duk sun shafi wannan laifi. Idan mai biki ne ya saɓa alkawari, hukumar FCCPC don irin wannan aka kafa ta. Kada kuma ka biya ko sisi ga wanda ya ce zai ƙwato maka kuɗinka.

Abin da nake nema

Daga masu shirya bukukuwa: su wallafa sunayen dillalansu, su daina tura tikitin da ake kwafa, su buɗe hanyar mayarwa da sake sayarwa a ƙarƙashin kulawarsu. Daga hukumomin da ke ba su izinin taro: a sa wannan cikin sharuɗɗa. Daga Babban Banki: cibiyar da ta buɗe wa ɓarawo asusu ta ɗanɗana wani kaso na asarar. Daga abokan aikina 'yan jarida: mu daina rubuta waɗannan labarai a matsayin abin dariya na ƙarshen mako.

Daga gare mu kuwa, abu mafi sauƙi kuma mafi wuya. Ranar da ƙanwarka ko abokin aikinka ya zo ya ce an cuce shi, tambayar farko kada ta zama me ya kai shi. Ka tambaye shi ƙarfe nawa ya tura kuɗin, da sunan bankin da ya karɓa, sannan ka ɗauki mabuɗin mota ku tafi tare. Abokiyata har yau tana da lambar asusun a wayarta. Da ta sami wanda ya yi mata wannan tambaya a daren, wataƙila da yanzu an rufe shi.